Akwatin Faifan Dad's Army: Tsofaffin da Suka Tsaya Gadin Gaɓar Ingila da Sandar Tsintsiya

Wata uku na ɗauka kafin na gama kallon cikakken akwatin faifan DVD na shirin barkwancin nan mai suna Dad's Army, wanda gidan talabijin na BBC ya nuna daga ranar 31 ga Yulin 1968 zuwa ranar 13 ga Nuwamban 1977. Abin da ya ja mini lokaci shi ne yawan komawa baya da na riƙa yi, domin akwai wuraren da sai na sake kallonsu sau biyu ko sau uku kafin zuciyata ta yarda in wuce gaba. Akwatin yana ɗauke da faifai 14, waɗanda suka tattara zango tara na shirin tare da kashi uku na musamman da aka yi domin bikin Kirsimeti a 1971 da 1975 da 1976. An shirya kashi 80 gaba ɗaya, amma 77 ne mai saye zai samu, saboda dalilin da zan yi bayaninsa nan gaba. Ra'ayina tun daga farko shi ne, duk wanda yake son ya fahimci yadda Turawan Ingila suke yi wa kansu dariya, kuma yake da haƙurin bin shirin da ya haura shekara 50 da fara fitowa, to wannan akwati ya cancanci kuɗinsa, duk da cewa yana da naƙasu guda biyu ko uku da bai kamata a rufe ido a kansu ba.

Shirin ba zai shiga kan mai kallo sosai ba sai ya san tarihin da aka gina shi a kai. A ranar 14 ga Mayun 1940, lokacin da sojojin Jamus suke kutsawa cikin Faransa kuma kowa a Birtaniya yake ganin saura ƙiris su tsallako teku, sakataren harkokin yaƙi Anthony Eden ya yi jawabi ta rediyo, ya nemi maza masu shekara 17 zuwa 65 waɗanda ba sa cikin soja su kai sunayensu ofishin 'yan sanda mafi kusa domin a kafa rundunar sa-kai ta tsaron gida. Mutane suka yi tururuwa fiye da yadda gwamnati ta zata, har yawansu ya haura miliyan ɗaya cikin 'yan makonni, alhali babu kaki kuma babu bindigogin da za a raba musu, tunda yawancin kayan yaƙin ƙasar an baro su a Dunkirk, garin gaɓar Faransa da aka kwaso sojojin Birtaniya daga cikinsa. Da yawa sun fara atisaye da bindigar farauta, wasu da wuƙar kicin ɗaure a bakin sandar tsintsiya, kafin tsofaffin bindigogi su iso daga Amurka da Kanada. A watan Yulin shekarar Firayim Minista Winston Churchill ya matsa aka sauya wa rundunar suna zuwa Home Guard, aka kuma sallame ta daga aiki a Disambar 1944. Mafi yawan mutanenta ko dai sun tsufa da shiga soja, ko ba su kai ba, ko kuma sana'arsu ta hana a ɗauke su, shi ya sa sunan shirin yake nufin rundunar su baba.

Jimmy Perry, wanda ya kawo dabarar shirin, ya shiga wannan runduna a garin Watford yana saurayi, kuma daga abin da ya gani da idonsa ya ɗebo mutanen da ya rubuta. Ya haɗa kai da David Croft, wanda shi ne furodusa, suka rubuta dukkan kashi 80 tare. Sun ƙirƙiri wani ƙaramin gari a gaɓar kudancin Ingila, suka sa masa suna Walmington-on-Sea, suka tara manajan banki da babban akawunsa da mahauci da mai sana'ar shirya jana'iza da ɗan kasuwar bayan fage da wani dattijo mai sanyin hali da wani yaro ɗan lelen uwarsa, suka ce waɗannan ne za su tare Hitler idan ya sauka. Hatta somin shirin yana da labari, domin marubutan sun so a buɗe shi da hotunan gaske na 'yan gudun hijira da sojojin Jamus, shugabannin tashar suka ga hakan bai dace da wasan dariya ba, sai aka maye gurbinsu da zanen kibiyoyi masu bin juna a kan taswira, wanda a yau ya zama alamar shirin. Waƙar buɗewa kuwa, da yawa suna ɗaukarta tsohuwar waƙar zamanin yaƙi ce, alhali Perry ne ya rubuta baitocinta domin shirin, aka samo tsohon mawaƙin dandamali Bud Flanagan ya rera ta 'yan watanni kafin rasuwarsa a 1968.

Ginshiƙin shirin duka yana kan mutum biyu, wato Kyaftin Mainwaring, wanda ake furta sunansa Manarin, da Saje Wilson. Abin da aka saba gani a wasannin soja na Birtaniya shi ne hafsa ya fito daga gidan manya, saje kuma ya fito daga talakawa. A nan an juya lamarin. Mainwaring ɗan mai shagon tufafi ne wanda ya yi ta fafutuka har ya zama manajan banki, kuma shi ya naɗa kansa shugaban rundunar a kashi na farko ba tare da kowa ya ba shi wannan izini ba. Wilson kuwa, wanda yake ƙarƙashinsa a banki da kuma a fagen fareti, ɗan gidan masu hali ne da ya yi makarantar 'ya'yan manya, kuma duk abin da Mainwaring yake nema ido rufe, na girmamawa da shiga cikin manyan gari, shi yana samunsa ba tare da ya ɗaga yatsa ba, bai ma damu da shi ba. Idan Wilson zai ba da umarni a fareti, sai ya roƙi sojojinsa cikin ladabi ko za su taimaka su shiga sahu, abin da yake ƙona ran kyaftin ɗin ƙwarai. A wani kashi na 1973, wani kawun Wilson ya rasu, hakan ya sa ya gaji laƙabin girmamawa irin na dangin masu sarauta, nan take ƙungiyar 'yan wasan golf ta garin, wadda Mainwaring ya yi shekaru yana neman shiga ana hana shi, ta buɗe wa Wilson ƙofa. Yadda hassada da wulaƙanci da ƙoƙarin ɓoye su suke bayyana a fuskar Mainwaring a wannan kashi ya isa ya koya wa baƙo yadda bambancin aji yake aiki a Ingila fiye da dogon bayani. Kuma marubutan ba su taɓa barin mai kallo ya raina mutumin ba. Yana da girman kai, yana da saurin fushi, dabarunsa na yaƙi sukan watse tun kafin a fara, amma duk lokacin da haɗari na gaske ya zo, ko bam ne da bai fashe ba ko bakin bindiga, shi ne yake shiga gaba, kuma ba ya umartar kowa da abin da shi ba zai yi ba.

Arthur Lowe, wanda ya fito a matsayin Mainwaring yana da shekara 52, shi ne dalilin da ya sa na riƙa mayar da faifai baya. Gwanintarsa tana cikin shirun da yake yi kafin ya yi magana. Idan wani ya faɗi wauta a cikin sahu, ba ya amsawa nan take. Yakan tsaya, ya juyo a hankali, ya dubi mutumin ta cikin tabarau, ya ɗan motsa leɓe kamar zai yi magana ya fasa, sannan ya saki kalma biyu ko uku, kuma kafin ya sake su 'yan kallon da ke cikin ɗakin ɗaukar shirin sun riga sun fashe da dariya. Haka nan idan ya faɗi daga kan kujera ko ƙofa ta buge shi, yakan miƙe hularsa a karkace, tabarau a rataye a kunne ɗaya, ya ci gaba da jawabinsa kamar babu abin da ya faru. John Le Mesurier, wanda ya fito a matsayin Wilson, ya bi hanya ta dabam: yana wasa kamar wanda hankalinsa yake wani wuri, yana shafa goshi, yana jan kunnensa, yana tambayar kyaftin cikin taushin murya ko yana ganin abin da zai yi hikima ce. Zafin ɗaya da sanyin ɗayan ne suka riƙe shirin shekara tara.

Wurin da ya fi shahara a shirin duka yana cikin zango na shida, a kashin da aka nuna a watan Oktoban 1973, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. An kama ma'aikatan wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin teku, aka ba rundunar Mainwaring tsaronsu na dare ɗaya a zauren coci. Kyaftin ɗin Jamusawan, wanda Philip Madoc ya fito a matsayinsa da fuskar da babu alamar wasa a cikinta, ya zaro ɗan littafi ya ce yana rubuta sunan duk wanda ya ci musu mutunci domin a hukunta shi idan Jamus ta ci yaƙi. Pike, yaron nan ɗan lelen uwarsa, yana saman tsani riƙe da bindiga, ya rera wata waƙar yara ta zagin Hitler. Bajamushen ya ɗago kai ya ce shi ma sunansa zai shiga littafin, ya tambaye shi sunan. Mainwaring, cikin hanzarin kare yaronsa, ya daka tsawa ya ce kada ya faɗa masa, amma a cikin tsawar ya kira yaron da sunansa, Bajamushen kuwa ya sunkuya ya rubuta. Abin bai wuce daƙiƙa kaɗan ba, amma duk halin mutumin yana ciki: niyyarsa mai kyau ce, ƙarfin halinsa na gaske ne, kuma bakinsa ya riga tunaninsa. A ƙarshen kashin Jamusawan sun ƙwace iko suka zura gurneti a cikin wandon Kofur Jones, mahaucin garin. A rubutun farko wandon Mainwaring aka nufa, amma Lowe ya ƙi yarda a yi masa haka, sai aka sake rubuta wurin, kuma a ganina ƙin nasa ya amfani shirin, domin Mainwaring mutum ne da za a iya kunyata shi ta hanyar girman kansa, ba a buƙatar a taɓa tufafinsa.

Sauran 'yan wasan kowa da abin da ya kawo. Clive Dunn yana da shekara 48 kacal lokacin da ya fara fitowa a matsayin Jones, tsohon sojan da ya kai shekara 70, wanda kullum yake makara da taku ɗaya idan an ce a ƙame, kuma yake ihun kada kowa ya firgita alhali shi ne ya fi kowa firgita. Ƙuruciyar Dunn ce ta sa aka ɗora masa yawancin faɗuwa da rataya da tsalle. Shi kansa an kama shi a Girka a 1941, ya yi shekara huɗu yana fursunan yaƙi a Ostiriya. John Laurie, mutumin Sikotland da ya yi suna a wasannin Shakespeare tun kafin a haifi wasu abokan aikinsa, ya fito a matsayin Frazer mai shirya jana'iza, wanda yake zare ido yana shelar cewa kowa ya halaka. James Beck shi ne Walker mai samo sukari da man fetur da wiski ta bayan fage a lokacin da komai sai da katin rabo, Ian Lavender kuma, yana ɗan shekara 22, shi ne Pike mai naɗe wuya da gyale saboda uwarsa tana tsoron kada sanyi ya kama shi. Bill Pertwee ya fito a matsayin Hodges, mai sayar da kayan lambu da aka ba aikin tabbatar da an kashe fitilu da dare saboda jiragen abokan gaba, wanda ɗan ikon da ya samu ya hau masa kai.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne Arnold Ridley, da ya fito a matsayin Godfrey yana da shekara 72, ya kuma ci gaba har ya kai 81. Godfrey dattijo ne mai tattausar murya da yake zaune da 'yan uwansa mata biyu a wani ɗan gida mai furanni, yana yawan neman izinin fita kama ruwa a tsakiyar fareti, yana kuma yin gyangyaɗi a bakin aiki. A wani kashi na 1969, ya rubuta wa kyaftin takarda yana neman a sallame shi, saboda ya kama ɓera a gidansa ya kasa kashe shi, ya gane cewa ba zai iya harbin mutum ba. A nan ne ya bayyana cewa a yaƙin duniya na farko yana cikin waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu. Abokansa suka juya masa baya, Mainwaring ya dube shi da ƙyama. Daga baya, a wani atisaye da ake ratsa bukka cike da hayaƙi, hayaƙin ya kayar da Mainwaring a ciki, dattijon nan ne ya koma ya jawo shi waje. Da suka je duba shi a gida yana kwance, sai suka ga hotonsa a bango sanye da kaki da lambar yabo ta jarumta, 'yar uwarsa ta gaya musu cewa ya shiga sashen jinya na soja, kuma a yaƙin Somme da aka gwabza a Faransa ya riƙa fita ƙarƙashin ruwan harsashi yana ɗauko waɗanda aka raunata. Ba a yi dogon jawabi a wurin ba, kunyar da ta rufe fuskokin mutanen ta wadatar. Abin da ya ƙara wa kashin nauyi a wurina shi ne sanin cewa Ridley da kansa ya yi yaƙin Somme a 1916, an soke shi da banati, wato wuƙar bakin bindiga, har hannunsa na hagu ya kusa daina aiki, an buge shi da gindin bindiga a ka, abin da ya bar masa ciwon suma na shekaru, kuma duk da haka ya sake sa kaki ya tafi Faransa a 1939. Mutumin da yake wasan tsoho mai rauni ya san fagen fama fiye da kusan duk wanda yake kallonsa. Wannan sanin yana ratsa shirin duka, domin Lowe ya yi aikin soja a Gabas ta Tsakiya, Le Mesurier a Indiya, Laurie kuma ya yi yaƙin farko sannan ya shiga ainihin rundunar tsaron gidan a yaƙi na biyu. Ina ganin shi ya sa dariyar ba ta taɓa zama izgili ga waɗanda suka yi aikin na gaske ba.

Game da kayan da kansa, dole mai saye ya san abin da zai tarar. Hoton na tsohon fasalin talabijin ne mai kusan murabba'i, don haka a allon zamani za a ga baƙin fili a dama da hagu, kuma shawarata ita ce kada a miƙe shi ya cika allon, domin fuskoki za su baje. Zango biyu na farko baƙi da fari ne, launi ya fara daga zango na uku a 1969. Za a kuma lura da bambanci tsakanin wuraren da aka ɗauka a ɗakin shiri a Landan gaban 'yan kallo, waɗanda suke fitowa tas da haske, da wuraren da aka ɗauka a waje da kyamarar fim a kewayen garin Thetford na yankin Norfolk, waɗanda suke da ɗan dishi-dishi da launi mai sanyi. Haka aka yi shirye-shiryen Birtaniya a wancan zamani, ido kuma yakan saba cikin kashi biyu ko uku. Sautin na bakin lasifika ɗaya ne, amma magana tana fita sarai, dariyar da ake ji kuwa ta mutanen da suka zauna a ɗakin ce. Faifan an yi su ne domin na'urorin yankin Turai, wato yanki na 2, saboda haka wanda na'urarsa ta wani yankin ce ya tabbatar tana karɓar kowane faifai kafin ya saya. Akwai ƙarin gajerun shirye-shirye a kan rayuwar manyan 'yan wasan, masu amfani ne duk da gajartarsu.

Naƙasu na farko ba laifin masu haɗa akwatin ba ne, gadon wata tsohuwar al'ada ce. A shekarun 1960 da 1970 kaset ɗin bidiyo na gidajen talabijin yana da tsada da cin wuri, yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri, zuwan launi kuma ya sa aka ɗauka babu mai sake neman baƙi da fari. Saboda haka aka riƙa goge kaset ana ɗaukar sabon shiri a kansa, har zuwa 1978 da BBC ta sauya tsarinta na adana kaya. Zango na biyu na wannan shiri, mai kashi shida, ya rasa biyar ta wannan hanya. A 2001 aka dawo da biyu daga ciki, bayan an gano cewa wani mutum ya tsinci gwangwanayen fim ɗinsu a cikin kayan da aka zubar a harabar ɗaukar fina-finai ta Elstree, aka ajiye su shekaru a rumfar bayan gida. Waɗannan biyun suna cikin akwatin. Sauran ukun har yau ba a ga hotonsu ba, ko da yake an samo sautin ɗaya daga cikinsu aka yi masa zanen katun a 2016, sannan a 2019 tashar Gold ta sake ɗaukar dukkan ukun da sababbin 'yan wasa bisa rubutun asali. Idan aka kwatanta da sauran shirye-shiryen zamanin, waɗanda wasunsu suka rasa rabinsu ko fiye, wannan ya tsira da sauƙi, kuma David Croft yana da hannu a hakan saboda yadda ya riƙa sa ido a kan kaset ɗin ayyukansa.

Akwai kuma wani kashi na zango na uku wanda aka ɗauka da launi amma kwafin baƙi da fari kawai ya rage. A 2008 masana suka dawo masa da launinsa ta wata dabara mai ban sha'awa: lokacin da aka kwafi shirin daga allo zuwa fim, siginar launin ta bar wasu ƙananan ɗigo-ɗigo a jikin hoton, sai aka rubuta manhajar kwamfuta da ta karanta ɗigon ta fitar da launin asali daga cikinsu. A kwafin da ke hannuna kashin yana nan a baƙi da fari, tunda an fara fitar da akwatin a 2007, kafin a yi wannan aiki. Wanda abin ya dame shi sai ya duba bayan kwalin da kyau.

Rubutun ƙasan allo na Ingilishi ne kaɗai, kuma ina ba da shawarar a kunna shi ko da mutum yana jin harshen sosai, saboda Frazer yana magana da karin Sikotland mai kauri, Walker kuma da saurin bakin mutanen gabashin Landan. Wasu barkwancin sun dogara da sanin abubuwan zamanin yaƙi, kamar katin rabon nama da yadda mahauci yake ɓoye tsiran alade a ƙarƙashin kanta domin matan da yake so ya faranta wa rai, amma mafi yawan dariyar tana cikin fuska da motsi da halin mutane, waɗanda ba sa buƙatar ƙamus.

Naƙasu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma a nan ina ganin masu haɗa akwatin sun yi sakaci. Kofur Jones tsohon sojan mulkin mallaka ne da ya yi yaƙi a Sudan ƙarƙashin Kitchener, kwamandan Birtaniya, kuma kusan kowane kashi sai ya kawo labarin yadda suka yi da mutanen Mahadi, yana kiransu da wani laƙabin raini da sojojin Birtaniya suka laƙaba wa ƙabilar Hadendawa saboda sumarsu, yana kuma alfahari da yadda banati yake razana su. Perry ya ɗauko wannan ne daga wani tsohon soja na gaske da ya sani a rundunarsu, kuma gaskiya ne cewa shirin yana nuna Jones a matsayin tsoho mai surutun da kowa ya gaji da shi. Duk da haka, yaƙin Omdurman na ranar 2 ga Satumban 1898 wuri ne da aka kashe mutanen Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, kimanin 10,000 ko fiye cikin safiya ɗaya da manyan bindigogi masu aman wuta, alhali ɓangaren Kitchener bai rasa mutum 50 ba. Mai kallon da ya san wannan ba zai ji labaran Jones da kunnen da 'yan kallon 1970 suka ji su ba, musamman a kashin da aka koma baya aka nuna shi a cikin hamada. Ba na goyon bayan a yanke ko kalma ɗaya, domin shirin shaida ne na yadda mutanen wancan lokaci suke tunani, amma 'yan layuka na bayani a cikin kwalin, ko ɗan gajeren shiri a kan tarihin, da sun biya wannan haƙƙi. Haka nan mata ba su da wuri sosai. Matar Mainwaring ba a taɓa nuna fuskarta ba, sauran kuma suna shigowa ne su fita, in ban da wani kashi mai kyau na 1970 inda kyaftin ɗin ya kamu da son wata baƙuwa da ta zo garin, suka rabu a tashar jirgin ƙasa ba tare da ko dariya ɗaya ba.

Ingancin zangunan ba ɗaya ba ne. Na uku zuwa na shida su ne ƙololuwa, kuma a lokacin ne masu kallo suka haura miliyan 18. James Beck ya rasu a watan Agustan 1973 yana da shekara 44, ana tsakiyar aikin zango na shida, kuma a kashin ƙarshe na zangon wata 'yar takarda aka ajiye a gurbinsa a cikin sahu domin a bayyana rashinsa. An kawo Talfryn Thomas a zango na bakwai a matsayin ɗan jarida mutumin Wales, bai wuce zango ɗaya ba, kuma giɓin Walker bai taɓa cikewa ba, domin shi ne kaɗai mai wayon da yake iya tsokanar kyaftin ya kwana lafiya. Daga nan ana ganin tsufa da rashin lafiya suna kama 'yan wasan, musamman Le Mesurier da ya rame ƙwarai a zangon ƙarshe, wasu labaran kuma maimaici ne. Duk da haka kashin Kirsimeti na 1975, inda Lowe ya fito a matsayin Mainwaring da kuma ɗan uwansa mashayi mai tallan kayan wasa, yana cikin mafi kyawun abin da ya taɓa yi. Wanda bai san shirin ba, ina ba shi shawara ya fara da zango na uku, ya koma na farko bayan ya saba da mutanen. Wanda kuma ya fi son saurare, akwai kashi 67 da aka sake yi domin rediyon BBC tsakanin 1974 da 1976 da yawancin 'yan wasan asali, ciki har da labaran kashi ukun nan da hotonsu ya ɓace, ana kuma sayar da su dabam.

Kashin ƙarshe na zango na tara an nuna shi ne a ranar Lahadin da Birtaniya take tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙenta. A cikinsa Jones ya auri bazawarar da ya daɗe yana nema, Wilson kuma ya zo wurin bikin sanye da tsohon kakinsa, inda ta bayyana cewa shi kyaftin ne na gaske a yaƙin farko, abin da bai taɓa faɗa wa Mainwaring ba tsawon shekarun nan. Ana cikin biki aka yi shelar cewa mai yiwuwa Jamusawa na tafe, ango ya bar amarya ya koma bakin aiki, suka kwana tsaye a gaɓar teku. Da labari ya zo cewa ƙararrawar ta kuskure ce, Hodges ya yi musu gorin cewa da abokan gaba sun zo da sun bi ta kansu sun wuce. Mainwaring ya amsa masa, Wilson ya kawo shawarar a sha domin girmama rundunar tsaron gida ta ƙasar baki ɗaya, sai mutanen suka juyo suka fuskanci kyamara kai tsaye, suka ɗaga kofunansu. Edward Sinclair, wanda ya fito a matsayin mai kula da cocin tun zangon farko, ya rasu jim kaɗan bayan an gama ɗaukar wannan kashi, kafin a nuna shi.